Ranar da Shafin Baba Gana Ya Yi Fari

Gaya,
Alhamis, farkon Oktoba.

Zuwa ga Abban Hanne,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya horo, yaya gudun safiya, yaya kuma ƙafar nan da takalmi ya ci maka? Mu nan lafiya lau. Hanne ta fitar da haƙoran sama, duk abin da ta samu sai ta kai baki. An fara cirar gyaɗa a Ajingi, Yaya Zunnuraini ya ce bana gonar arewa ta fi kowacce kyau.

Tunda sun karɓe muku wayoyi sai ƙarshen horo, ba ni da wata hanya sai takarda. Maiwada direba ya yi alkawarin miƙa ta a ƙofar makarantarku idan ya sauke fasinja a Kano. Kafin ka ci gaba da karantawa, ka riƙe wannan: babu abin da ya ɓata. Na fara da shi ne don na san halinka, idan ban faɗa ba ba za ka iya kaiwa ƙarshen takardar a zaune ba.

Maganar shafin Baba ce, wanda ka buɗe a intanet bayan rasuwarsa ka zuba hirarrakinsa na kaset.

Ranar Lahadi na je Ajingi gaishe da Innarku. Bayan mun ci abinci Yaya ya kira ni zaure, ya ce an tsayar da taron zumunci bayan an gama kai amfanin gona gida, kuma 'yan'uwanku na Gashuwa da na Maiduguri duk za su zo. Yana so a kunna muryar Baba kowa ya ji. Sai dai ya ce mutane suna kuka da shafin, wai kafin a ji hira sai an sauke ta gaba ɗaya, mai ƙaramar waya kuwa kafin ta sauka ya gaji. Anti Batula ta Maiduguri ma ta ce ta haƙura. Ya tambaye ni ko akwai dabara, tunda ni ce malamar kwamfuta a gidan. Ka san yadda yake faɗin kalmar nan da girmamawa, alhali abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya bai wuce kunnawa da kashewa da buga rubutu ba. Kunya ta hana ni cewa ban sani ba. Na ce zan duba.

Da na dawo Gaya na buɗe laftof ɗin da ka bar mini na yi bincike. Na gano akwai wani ɗan ƙarin manhaja da ake ɗora wa shafi, fulogin suke ce masa, wanda zai sa kowace hira ta samu maɓallin kunnawa, mutum ya danna ya ji nan take. Na karanta yabon da mutane suka yi masa, na ga abin bai fi danna wuri biyu ba. Litinin da hantsi, ba ni da aji, na ɗora shi. Ya hau lafiya. Na danna inda aka ce a kunna.

Shafin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sai ya yi fari fat. Babu hoton Baba, babu sunayen hirarrakin, babu komai sai wani ɗan layin Turanci a sama da lamba 500, wai an samu matsala a cikin sabar. Na ce sabis ne, na fita tsakar gida da laftof ɗin. Haka. Na gwada a wayata, na ari ta maƙwabciyarmu, duk fari. Na koma ƙofar da kake shiga ka yi gyara, in cire abin da na sa, ita ma ta ƙi buɗuwa.

Abban Hanne, a nan ne na gane girman abin da na yi. Ka sani kamar yadda na sani, kaset-kaset ɗin ruwa ya cinye su daminar da katangar ɗakin Baba ta faɗi, tsohuwar kwamfutarka da ka kwafe su a ciki kuma ta mutu da abin da ke cikinta. In ban da shafin nan, babu inda muryar mahaifinku ta rage a duniya. Na zauna a bakin rijiya ina kallon farin abin nan, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna, da wane baki zan gaya maka. Ina cikin haka Anti Batula ta kira daga Maiduguri, wai ta ji za a yi taro ta ce bari ta sake gwadawa, shafin ya ƙi buɗuwa. Na ce mata ana gyara ne. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Albarkar nan ta fi mini zagi zafi.

Bayan azahar na goya Hanne na hau Keke mai ƙafa uku zuwa shagon abokinka Ja'afar na bakin tasha. Na tarar da layin ɗalibai masu rajistar jarrabawa har waje, amma da ya gan ni ya tashi wani ya ba ni kujera. Ya duba, ya shiga ta ɓangaren kamfanin da suke ajiye mana shafin, tunda kalmar sirrin tana cikin laftof ɗin. Ya ce mafi sauri a goge komai a sake girka shafin sabo, sannan a mayar da hirarrakin daga kwafin da ke gida. Har ya kai kibiya kan maɓallin. Na riƙe gefen tebur na ce, “Ja'afar, babu kwafi.”

Ya ɗauke hannunsa ya ɗora a cinya. Ya ce gaskiya shi aikinsa buga takardu da rajista ne, harkar sabar bai yi nisa a cikinta ba, kada in bari kowa ya taɓa, har shi. Ya nuna mini inda ake rubuta wa masu kamfanin. Idan ka dawo ka yi masa godiya.

Na rubuta musu da Turancina na tsoro, rabi bayani rabi roƙo. Wadda ta amsa, da ta ga sunana da garin da nake, sai ta juya zuwa Hausa. Zaituna sunanta. Abin da ta fara ce mini shi ne farin shafi ba ya nufin kaya sun ɓata. Ta ce sabar kwamfuta ce kawai a can wurinsu, shafinmu yana zaune a kanta, abin da na ɗora ne ya sa ta tuntuɓe ta kasa nuna komai, amma abin da ke ajiye yana nan inda yake. Ta ce kada in yarda da bakinta, in shiga wurin ajiyar fayiloli in gani da idona.

Ta bi da ni folda bayan folda. Sai ga su a jere, da sunayen da ka sa musu: Tasowa Daga Borno, Fataucin Kanwa, Shekarar Fari, har da wadda ka rubuta wa Baba Yana Faɗa da Rediyo. Na sauke mafi ƙanƙanta na kunna. Ka san gyaran muryar nan da yake yi kafin ya yi bisimilla. Ita kaɗai na ji na kashe, don shagon cike yake da yara, ni kuma hawaye sun riga sun zubo. Ja'afar ya yi kamar yana neman takarda a ƙarƙashin tebur.

Gyaran kansa, da zan gaya maka ƙanƙantarsa sai ka yi dariya. Zaituna ta ce in nemo foldar fulogin ɗin in canza mata suna, ko da harafi ɗaya ne, domin idan shafin ya neme ta bai gan ta ba zai ci gaba da harkarsa ba tare da ita ba. Na ƙara “tsoho” a ƙarshen sunan. Na koma na sabunta shafin. Sai ga Baba da farar hularsa yana kallona.

Yanzu dai shafin yana nan yadda ka bar shi, ba ƙari ba ragi. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake taɓa komai ba sai na kwafe hirarrakin gaba ɗaya. Amma maganar Yaya tana nan, taro kuma yana matsowa. Zaituna ta ce abin mai gyaruwa ne. Ni dai ba zan sake gwadawa ba sai da izininka. Idan ka ce in bari, na bari, kuma wallahi ba zan ji haushi ba.

Ummata tana gaishe ka, tana yi maka addu'a kullum. Ka gaida abokan ɗakinka. Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Bara'atu.

Gaya,
Asabar, ƙarshen Oktoba.

Zuwa ga Abban Hanne,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kana lafiya, ya gajiyar fareti? Maiwada ya kawo amsarka ranar kasuwa, ya ce ya hango ka ta shingen waya kun yi sahu, ka yi baƙi ka rame amma kana tafiya kamar soja. Na karanta takardar a tsaye a soro, na sake karantawa a zaune. Na gode da ba ka yi faɗa ba. Na gode kuma da ka ce shafin namu ne ba naka ba. Inda ka rubuta cewa ka zame ka zauna a ƙasa duk da gargaɗin da na yi maka a farko, na yi dariya har Hanne ta taya ni ba tare da ta san dalili ba.

Kwafin na fara yi. Hirarrakin suna da nauyi, sabis ɗin gidanmu kuwa ka san shi. Na gano ya fi ƙarfi a bayan ofishin malamai, wajen bishiyar maina, ga kuma wutar sola a ofishin shugabar makaranta. Duk lokacin da ba ni da aji sai in ja benci can in zauna. Wata ta kusa sauka sai ta yanke, in sake daga farko. Malamai har sun sa wa wurin suna ofishin Bara'atu. Da aka gama na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowacce tana magana daga farko har ƙarshe. Yanzu akwai filash ɗauke da su duka a cikin akwatina, akwai wani a hannun Yaya a Ajingi, wani kuma na ba mai zuwa Maiduguri ya kai wa Anti Batula. Ranar da na miƙa na ƙarshen na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sannan na koma wurin Zaituna. Ta nuna mini wani fayil da sabar take rubuta duk abin da ya sa ta tuntuɓe. Da na buɗe na ga kamar rubutun aljanu, amma ta ce in bar na sama in karanta layin ƙarshe a hankali. Ashe magana ce a fili. Akwai harshen da sabar take karanta umarni da shi, PHP sunansa. Namu tsohon zubi ne tun lokacin da ka buɗe shafin, shi kuma fulogin da sabon zubi aka rubuta shi. An ba ta umarnin da ba ta gane ba, ta tsaya cik. Na canza zuwa sabon zubin, na duba shafin na ga bai motsa ba, na mayar wa foldar sunanta na asali, na yi bisimilla na kunna. Ya kunnu.

Murna ta sa na yi gaggawa. Akwai wurin da aka ce ya tattaro duk hirarrakin lokaci guda ya jera su, na danna. Ya yi ta juyi, sai ga farin nan ya dawo da lambarsa.

Ka san abin mamaki? Gabana ya faɗi, amma faɗuwa ɗaya. Na tashi na sha ruwa, na duba tukunya, na dawo na canza sunan foldar, shafin ya dawo. Na buɗe fayil ɗin kurakurai da kaina tun kafin in nemi kowa. Wannan karon cewa ya yi wurin aikin da aka ware wa shafinmu a sabar ya cika, na ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta a tashi ɗaya. Na kwafi layin na tura wa Zaituna, na rubuta mata abin da na fahimta. Ta ce haka ne, ta ƙara mana wurin daga can, ta kuma ba ni shawara in rage nauyin hirarrakin da za a riƙa ji a shafi, in bar na asali a ajiye, sannan in riƙa jera su kaɗan-kaɗan. Haka na yi. Ya ci mini kwanaki, amma bai sake fari ba.

Jiya na gwada da tsohuwar wayar Umma, wadda fuskarta ta tsage. Na danna Fataucin Kanwa, kafin in ajiye wayar Baba ya fara magana. Umma tana tankaɗe ta tsaya, ta ce Allah ya jiƙan Malam Gana, mutumin da bai taɓa zuwa gidan nan hannu sake ba. Anti Batula kuma ta turo saƙon murya, ban gane rabinsa ba saboda kuka da Barbarci sun haɗu, amma na ji sunana a ciki tare da albarka. Wannan karon na karɓe ta da zuciya ɗaya.

An sa taron Asabar ta sama. Na so a ce kana nan. Ka kula da cin abinci, ko ba daɗi ka daure.

Matarka mai kewarka,
Bara'atu.

Ajingi,
Lahadi, cikin Nuwamba.

Zuwa ga Abban Hanne,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta ƙosa ta gan ka. Ina fatan jiki da zuciya duk lafiya. Daga gidanku nake rubuto wannan, a ɗakin Inna, Hanne tana barci a kan gadonta. Kowa yana gaishe ka, idan na ce zan jera sunaye takardar ba za ta isa ba.

An yi taro jiya, an tashi lafiya. Mutanen Gashuwa sun zo da mota guda, Baffa Haruna da kansa ya zo duk da ciwon gwiwa. Anti Batula ta rungume ni a tsakar gida har ɗankwalina ya faɗi. Bayan sallar azahar aka shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙofar gida, mata muna ciki, Yaya ya ajiye lasifika a bakin zaure yadda kowane ɓangare zai ji. Na zo da filash a jakata ko da sabis zai ba mu kunya, amma ban buƙace shi ba. Daga shafin na kunna, da wayata.

Da Baba ya yi gyaran murya, gidan nan ya yi tsit, har yara. Baffa Haruna, an ce, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya sunkuyar da kai. An ji Tasowa Daga Borno, samari suna ta tambayar sunayen garuruwan da kakanku ya yada zango. Sannan Yaya ya leƙo ya ce in sa Shekarar Fari.

Inna tana zaune kusa da ni tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba tun da aka fara. Baba ya zo inda yake ba da labarin yadda hatsi ya ƙare a unguwa, ya ja sansa guda ɗaya da ya rage zuwa kasuwa, ya sayar, ya auno gero aka raba gida-gida. Maza a waje suna ta Allahu akbar a hankali. Sai Inna ta ajiye gyaɗar ta ce, da ƙarfin da har zaure an ji, “San nan nawa ne. Da shi aka kawo ni gidan nan. Bai gaya mini ba sai da ya dawo da igiya a hannu.”

Na yi sauri na tsayar da hirar, ban san abin da zai biyo baya ba. Sai Baffa Haruna ya fashe da dariya daga waje, ya ce wallahi gaskiyarta, shi ya raka shi kasuwar, kuma a hanyar dawowa Gana ya tsaya ya fi a ƙirga yana tunanin abin da zai faɗa a gida. Gida ya kaure da dariya, ita ma Inna tana yi tana share ido da bakin mayafi. Ta ce da ya tambaya ma da ta ba shi, amma ta bar shi ya yi sati yana lallashi don ya gane san nan yana da mai shi. Sannan ta ce mini, “Mayar da shi ya ƙarasa.” Na mayar da shi.

Yau da safe, bayan baƙin Gashuwa sun kama hanya, ta kira ni ɗaki ta sa na turo ƙofa. Ta tambaye ni ko abin nan na Baba maza kaɗai yake ɗauka. Na ce yana ɗaukar kowa. Ta gyara zama, ta ce to in kunna wayar in ɗauki muryarta, akwai wurare da yawa da Malam ya tsallake.

Abban Hanne, tun hantsi take magana sai da aka kira azahar. Ta faɗi yadda aka kawo ta Ajingi ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, da matar da ta koya mata, da yadda mata suka riƙa dafa ganyen tafasa da ɗan gari a shekarar nan su ce wa yara tuwo ne. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta ce a sa a shafin, kusa da na Baba, a rubuta Kellu, kada a rubuta matar wane. Na riga na tura kwafinsa wayar Yaya da ta Anti Batula, idan na koma Gaya zan ɗora.

Akwai wani guntu a ƙarshe da ta ce kada in sa a shafi, kada kuma in ba kowa, naka ne kai kaɗai. Da Barbarci ta yi shi, don haka ban san abin da ta ce ba. Na dai ji sunanka yana ta dawowa, wani wuri tana dariya, wani wuri muryarta ta yi ƙasa har na matsar da wayar kusa da bakinta. Da ta gama ta ce in kashe, ta tashi ta shiga kicin kamar ba a yi komai ba. Yana nan cikin wayata yana jiranka.

Allah ya kawo mana kai lafiya, ya sa a gama horo a sa'a. Ka huta lafiya.

Taka,
Bara'atu.